Ƙidayar Abin da ke Wucewa: Dabarun Taƙaita Kwararar Bayanai, da Rabon Gaya da Ajingi a Cikinsu

Ƙidaya iri biyu ce: akwai ta abin da ke tsaye, akwai ta abin da ke wucewa. Malamin jangali na zamanin En'e, in ya isa ruga a ƙasar Gaya, ya kan sa a tara masa garke ya ƙirga, in ya yi shakka ya sake, domin shanun suna nan, ba inda za su. Amma wanda aka tsayar a bakin gadar Wudil ran Juma'a, ranar kasuwa, aka ce ya faɗi motoci nawa suka haye, daga ina suka fito, wacce ta fi zirga-zirga, shi ba shi da damar sakewa. Motar da ta wuce ta wuce ke nan. In kuwa aka daɗa masa da cewa takardar hannunsa falle ɗaya ce tak, to, ya shiga halin da na'urorin sadarwa su ke ciki dare da rana.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, saƙon da mutum ya aika daga Toranke ko Kademi ba ya tafiya a dunƙule. A kan yayyanka shi ƙanana-ƙanana, ko wane yanki da adireshin mai aikawa da na mai karɓa a goshinsa. Ƙunshi a ke nufi da irin wannan yanki a cikin wannan takarda. Ƙunshin ya kan tashi daga waya zuwa turken sadarwa, wanda jama'a su ke kira ƙarfen sabis, daga nan ya nufi Kano, galibi ya zarce Ikko, in na ƙetare ne ya bi wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. A ko wace mararraba akwai na'ura mai duba adireshi ta nuna masa hanya. Babban layi mai gudun gigabit 100 a daƙiƙa yana iya kawo ƙunshi wajen miliyan 148 a daƙiƙa guda, in ƙanana ne. Watau na'urar ba ta da ko kashi 7 cikin kashi biliyan na daƙiƙa a kan ko wane ɗaya. Rubuta su duka ba shi yiwuwa. Alhali kuwa mai kula da layin yana bukatar sanin wa ke cinye hanya, adireshi nawa ke magana, ko kuwa wani yana kai hari.

A 1996 masana uku, Noga Alon da Yossi Matias da Mario Szegedy, suka tabbatar ta hanyar lissafi cewa akwai tambayoyin da ba a iya amsa su daidai wa daida sai da ma'adana mai girman gaske, amma in an yarda da ɗan kuskure, ma'adana ƙanƙanuwa ta isa wasu daga cikinsu. Wannan aiki ya jawo musu lambar yabo ta Gödel a 2005. Dukan dabarun da za a ambata a nan bisa wannan ciniki su ke: a sayar da ɗan daidaito, a sayi wuri da sauri.

Kafin a ci gaba ya kamata a tsai da kalma. Hausa tana da kirdado, da kintace, da ƙiyasi. Mai kirdado ba ya iya faɗin iyakar kuskurensa, mai kintace ma haka. Abin da waɗannan dabaru su ke bayarwa kuwa yana zuwa da sharaɗi rubutacce, cewa amsar ba za ta kauce wa gaskiya da fiye da kaza ba. Saboda haka ƙiyasi ya fi dacewa da shi, ko da ya ke a bakin malaman fiƙihu kalmar tana da wata ma'ana tata dabam.

Allon mai ƙofar kasuwa

Wadda ta fi sauƙin ganewa ita ce dabarar da Jayadev Misra da David Gries suka buga a 1982. A ɗauka an zaunar da malami a ƙofar kasuwar Gaya, da allo mai layi 9 kacal, aka ce ya gano garuruwan da suka fi aiko da 'yan kasuwa. Duk wanda ya shigo ya faɗi garinsu. In garin yana kan allo, a daɗa masa zane ɗaya. In ba ya kai, kuma akwai layin da ba kome, a rubuta shi da zane ɗaya. In kuwa allo ya cika, sai malam ya share zane ɗaiɗai daga dukan layukan 9, baƙon kuma ya wuce ba a rubuta shi ba. Layin da zanensa ya ƙare an wanke shi ke nan, ya zama fili ga wani.

Da farko abin ya yi kama da ɓarna, tun da ya ke ana share aikin da aka yi. Amma a duba lissafin. Ko wace sharewa tana cinye mutum 10 daga garuruwa 10 dabam-dabam: 9 na kan allo da baƙo 1. In mutum 5,000 suka shiga kasuwa a yinin, sharewa ba ta iya wuce sau 500. Ashe ke nan duk garin da ya aiko da fiye da mutum 500 lalle sunansa yana kan allo da magariba, kuma zanensa bai gaza gaskiya da fiye da 500 ba. Wannan alkawari ne tabbatacce, ko da wane jeri mutane suka shigo. Sai dai a lura da abin da ba a alkawarta ba. Ƙauyen da ya aiko da mutum 40 yana iya hawa allo ya sauka sau da dama, a tashi ba alamarsa, kamar ba wanda ya zo daga can.

Injiniyoyi sun san da wannan, ba su kuwa ɓoye shi ba. A 2002 Cristian Estan da George Varghese na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka nuna cewa a manyan layuka 'yan adireshi kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan kaya, suka ba da shawarar a bi waɗannan sosai a ƙyale sauran. A bakin masu sana'ar, manyan su ne giwaye, ƙananan kuwa ɓeraye. Tun kafin su, tsarin NetFlow na kamfanin Cisco, wanda ya fito a 1996, ya sami wani salo na ɗaukar ƙunshi ɗaya daga cikin ɗari ko dubu a duba, a bar saura su wuce. Giwa ba ta kuɓuce wa irin wannan tarko, ɓera kuwa sai an yi sa'a.

Gurabu da tsakuwa

Wata dabara da ta yaɗu ƙwarai ita ce wadda Graham Cormode da S. Muthukrishnan suka ƙago a 2003, aka buga cikakkiya a 2005, suka sa mata suna Count-Min. Wanda ya taɓa kallon masu dara a gindin bishiya ya riga ya ga siffarta. A haƙa gurabu a ƙasa jeri-jeri, a ce jeri 5. Ko wane jeri yana da tasa ƙa'idar lissafi wadda ke karɓar suna ta juya shi ya zama lambar gurbi. Ƙa'idar tana watsa sunaye kamar an yi ƙuri'a, amma suna ɗaya kullum gurbi ɗaya ya ke faɗawa a wannan jeri. In ƙunshi ya iso, a ɗauki adireshinsa, a jefa tsakuwa ɗaya a gurbinsa na jeri na fari, ɗaya a na biyu, har zuwa na biyar. Ba a rubuta sunan ko ina.

Tun da ya ke sunaye sun fi gurabu yawa nesa ba kusa ba, tilas ne wasu su yi tarayya a gurbi guda. In aka tambayi sau nawa wani adireshi ya wuce, sai a leƙa gurabunsa 5. Ko wannensu yana ɗauke da tsakuwarsa duka, da kuma ta waɗanda suka yi masa cunkoso. Saboda haka wanda ya fi ƙarancin tsakuwa shi ya fi kusa da gaskiya, shi a ke ɗauka. Amsar ba ta taɓa gazawa, sai dai ta zarce. Yawan zarcewar kuwa an san iyakarsa: da jeri 5, ko wanne da gurbi 2,719, watau gurbi 13,595 gaba ɗaya, a cikin tambaya 100 aƙalla wajen 99 ƙarin ba zai wuce kashi 1 cikin 1,000 na dukan tsakuwar da aka jefa ba. Ko adireshi miliyan ne suka wuce, ko biliyan, girman allon bai sake ba.

Yana da wata fa'ida kuma. In an ajiye allo ɗaya a Gaya, ɗaya a Ajingi, da ƙa'idodi iri ɗaya, ana iya kai su Kano a zuba tsakuwar wannan cikin gurabun wancan, a sami allon da ya ke daidai da wanda da tun farko wuri ɗaya aka yi ƙidayar. Wannan ne ya sa manyan kamfanoni su ke son sa. Amma wanda aka miƙa wa haɗaɗɗen allon kaɗai ba shi da hanyar ware na Ajingi daga na Gaya.

Akwai tambaya ta uku, ta mutum nawa dabam-dabam suka wuce, ban da maimaici. Tushenta yana komawa ga Robert Morris na ɗakin binciken Bell, wanda ya nuna a 1978 cewa ma'adanar da ba ta ƙirga fiye da 255 tana iya ƙiyasta dubbai masu yawa, in ana jefa kwabo kafin a daɗa lamba, kuma daɗawar tana ƙara wuya yayin da lambar ta ke hawa. Philippe Flajolet da Nigel Martin suka gina a kan irin wannan tunani a 1983. Ko wane adireshi a juya shi ya zama jerin jifan kwabo nasa na kansa, wanda ba ya sakewa. Sa'an nan a riƙe abu ɗaya tak: jere mafi tsawo da kwabo ya faɗi a fuska ɗaya tun daga farko. Samun 10 a jere sai a cikin wajen mutum 1,024, saboda haka in an ga 10, an san jama'ar ta kai kimanin haka. Wanda ya wuce sau dubu bai daɗa kome ba, domin jifansa ɗaya ne. A 2007 Flajolet da abokan aikinsa suka gyara dabarar, suka kira ta HyperLogLog, wadda ke ƙiyasta abubuwa fiye da biliyan da kuskuren wajen kashi 2 cikin 100, a cikin ma'adanar da ba ta wuce kilobayit 1.5 ba. Amfaninta wajen tsaro a fili ya ke. Cutar kwamfuta ta Slammer, a Janairun 2003, ta kama na'urori wajen 75,000 cikin minti 10, kuma alamar irin wannan cuta ita ce na'ura ɗaya ta shiga ƙwanƙwasa ƙofofi dabam-dabam ba adadi.

Inda Ajingi ta ke a cikin lissafin

Sai a koma ga alkawarin allon gurabu, a karanta shi da natsuwa. Ba a ce kuskure kashi 1 cikin 1,000 na abin da aka tambaya ba ne. Na dukan kwararar ne. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gaya mutum 201,016, Ajingi 174,137, Jihar Kano wajen miliyan 9.4, Nijeriya kuwa miliyan 140 da 'yan kai. A misalta cewa ko wane ɗan ƙasa ya jefa tsakuwa ɗaya a allo guda na ƙasa baki ɗaya. Iyakar kuskuren da aka yarda da ita ta zama 140,000, watau kusan kashi 80 cikin 100 na jama'ar Ajingi. Ga birni mai miliyoyin mutane wannan ɗan ƙari ne. Ga ƙauye mai mutum 2,000 a yankin Gafasa ko Balare, iyakar ta ninka shi sau 70. Gaskiya ne sau da yawa kuskuren ba ya kaiwa iyakarsa, amma alkawarin bai ce kome ba game da abin da ke ƙarƙashinta, kuma a kan alkawari a ke gina na'ura mai kaɗa ƙararrawa.

Ran 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, masu auna zirga-zirgar intanet a duniya sun gani nan take, domin giwa ce ta faɗi. Amma in man injin wani turke ya ƙare a wani ƙauyen Ajingi, jimlar ƙasa ba za ta motsa yadda ido zai gani ba, alhali mai sana'ar cire kuɗi ya rufe rumfa, wanda ke neman motar kai mai naƙuda asibiti yana ta yawo da waya a sama. Ba cewa a ke yi kamfanoni ba su da wata hanyar sanin turke ya mutu ba. Turaku suna da nasu alamun da su ke aikawa. Abin nufi shi ne taƙaitaccen allo ba shi ne zai faɗa ba, kuma duk hukuncin da aka ɗora a kansa, na inda za a faɗaɗa layi ko inda a ke ganin ana bukata, ya gaji wannan makanta.

Maganin ba mai nisa ba ne: a raba allo tun daga tushe. Allo mai gurbi 13,595, in ko wane gurbi ya ci bayit 4, bai wuce kilobayit 55 ba. In aka ba ko wace ɗaya daga ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya nata, duka wajen megabayit 42 ne, abin da gajeren bidiyo a wayar hannu ya kan ci. A allon Ajingi kaɗai iyakar kuskure ta sauko daga 140,000 zuwa 174. A cikin na'urar mararraba, inda ma'adana mai sauri ta ke da tsada, wannan yana da wuya, amma a ofishin da a ke tara rahoto ba shi da wata wuya. Batun wanda ya zauna ya yanke shawarar inda za a ja iyaka ne, da ko ya san akwai wuri mai suna Ajingi.

Kalmar sa ido ma, wadda a ke fassara wannan aiki da ita, baki biyu gare ta a Hausa: uwa tana sa ido a kan ɗanta, ɗan sa ido kuwa ba wanda ke son maƙwabtaka da shi. Allon gurabu ba ya riƙe jerin sunaye, amma wanda ya zo da lambar waya a hannu yana iya tambayarsa game da ita. Tun da aka umarci a haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa a Disamban 2020, lamba ta zama mutum. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ita ce a ke sa ran ta tsare wannan ƙofa. Raba allo zuwa ƙananan yankuna yana sa a ga ƙauye, yana kuma sauƙaƙa ganin mutumin ƙauyen, saboda haka ba alheri ne tsantsa ba.

Abin da ya shafi malamin harshe

Mai nazarin Hausa ba baƙo ba ne a wannan fage, domin an daɗe da ganin giwaye da ɓeraye a harshe. George Zipf na Jami'ar Harvard ya bayyana a 1935, ya kuma faɗaɗa a 1949, cewa in aka jera kalmomin littafi bisa yawan fitowarsu, ta biyu ta kan fito wajen rabin ta fari, ta uku wajen sulusinta, haka har ƙasa. A taskar Ingilishi ta Jami'ar Brown, mai kalma wajen miliyan 1 daga rubuce-rubucen 1961, kalma ɗaya ta ci kusan kashi 7 cikin 100, kuma kusan rabin kalmomi dabam-dabam da ke ciki sau ɗaiɗai suka fito. Duk wanda ya ƙirga shafin Hausa zai tarar da haka: da, a, ya, na, ta sun cika wuri, sa'an nan doguwar wutsiya ta kalmomin da ba a gani sai jefi-jefi. Tun 2007, da David Talbot da Miles Osborne na Edinbara suka yi amfani da irin waɗannan taƙaitattun ma'adanai wajen fassarar na'ura, masu sarrafa harshe suna aron kayan masu sadarwa. A 2017 kamfanin Apple ya bayyana cewa da wani dangin allon gurabu ya ke gano sababbin kalmomin da masu wayoyinsa su ke yawan bugawa, tare da cuɗa bayanan don kada a gane mai bugawa.

Ga mai haɗa ƙamus, wutsiyar ita ce dukiya. Sunan wata ciyawa, ko wani sashen kayan maƙera, ko wata gaisuwar da tsofaffin Gaya su ke yi, ba za su taɓa haye iyakar kuskure ba a allon da ya haɗa Hausar duniya duka. Ƙamus na Bargery na 1934 yana nuna kalmar da ta ke ta Katsina ko ta Sakkwato ne domin an je an ji ta a bakin masu ita. Allon taƙaitawa yana iya gaya wa malami kalmomi 500 da ya kamata ɗan aji ɗaya ya fara karantawa, kuma wannan amfani ne babba ga kwalejojin horon malamai, amma ba ya maye gurbin zama da maƙeri a maƙera.

Akwai kuma wata illa da ta keɓanci rubutun boko. Ƙa'idar da ke jefa suna a gurbi ba ta san ma'ana ba, baƙaƙe kawai ta ke gani. Wanda wayarsa ba ta da baƙaƙe masu ƙugiya zai rubuta baki yana nufin baƙi, kasa yana nufin ƙasa, kura yana nufin ƙura, sai kalmomi biyu su faɗa gurabu ɗaya a dukan jeri 5, yadda ɗaukar mafi ƙanƙanta ba ya raba su. Rashin alamar tsawon wasali ya riga ya haɗa gari na zama da gari na tuwo tun kafin a zo nan. A ɗaya gefen kuma, kalma ɗaya ta kan rabu: 'ya'ya a Nijeriya, ƴaƴa a Nijar, ga kuma waƙafin sama da wayoyi su ke bugawa da siffa biyu ko uku waɗanda ido ba ya bambantawa amma na'ura tana bambantawa. Mai ƙirga kalmomi dabam-dabam da dabarar Flajolet zai lissafa ko wace siffa a matsayin kalma. Kuskuren kashi 2 cikin 100 da aka alkawarta kuskure ne game da siffofin da aka ba na'ura, bai shafi wannan ba. Saboda haka sashen da ke shirin tara rubutun Hausa daga Gaya da Ajingi yana bukatar ya fara tsai da ƙa'idar daidaita baƙaƙe kafin ƙirga, ya ajiye asalin rubutun a gefe yadda mai shi ya buga shi, ya kuma yi wa ko wane yanki allonsa.